Injiniyan Bayan Langa-langa

Na Allah ne mu duka, wurinSa kuma za mu tattara, Bappa dai, yayan mahaifina, ya riga mu isa. Ya cika da hantsi a gidansa na Karewa, cikin zafin nan na Jimeta da ba ya barin gawa ta jira kowa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Kafin magariba kuwa na riga na ji abin da ya sa na ce sai na rubuta wannan, ko da ba wanda zai karanta.

Ina cikin gida wajen mata ina raba ruwa, amma kunnena yana zaure, don katangar ba ta da kauri. Saje suke ce wa Bappa, muƙaminsa na soja. Na ji wani ya ce, "Allah Ya jiƙan Saje, ya huta." Wani ya amsa ƙasa-ƙasa, "Ai shi ya daɗe yana hutawa." Aka yi 'yar dariyar nan ta cikin hanci, aka yi maza aka rufe ta da salati. A gefena wata tsohuwa tana gaya wa 'yar'uwarta cewa mutumin kirki ne, sai dai bai yarda da ko inuwarsa ba. Ita kuma ta matso ta ce, "Ƙafar nan fa, da gaske ce kuwa? Ni na taɓa hango shi a bayan kasuwa yana sauri kamar ba shi ba." Saura kaɗan in juye mata butar a ka. Na danne, na ce mata ga ruwa.

Mutum ɗaya ne ya yi kuka a fili cikin maza, shi ma ba ɗan'uwa ba. Wani Inyamuri ne mai sayar da kayan gyaran inji a kasuwa, kowa Oga yake ce masa. Ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarma, ya rufe fuska da hula yana rawar kafaɗa. Sai kallo ya koma kansa, ana tambayar juna me ya haɗa shi da Saje. Inna, matar Bappa, ta jawo ni ta raɗa mini, "Je ki ce masa ya yi kukansa, amma kada ya buɗe baki." Na je na faɗa masa. Ya share ido ya ce, "Madam, no wahala. Baki nawa a kulle."

A can ƙarshen zauren kuma ga Baba, mahaifina, ƙanin mamacin, yana karɓar gaisuwa. Shekaru ke nan rabonsa da zama a zauren nan da izinin mai shi. Duk unguwa an san Bappa ya yanke shi, ba wanda ya san dalili. Ni na sani. Bappa ya yi shekaru yana aiki a ɓoye saboda tsoron kada a tsayar masa da kuɗin da ake ba sojan da ya nakasa, kuma ya tafi kabari yana zargin ƙaninsa da kai shi ƙara. Inna ta ba ni izini yanzu, don haka zan faɗa.

Bappa ne ya riƙe ni tun ina ƙarama. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Dada, wato uwa. Kafin yaƙin nan ya zo, Bappa mutum ne mai surutu da tsokana. In ya zo hutu daga bariki sai ya kwance duk abin da ke da waya a gidan, rediyo, fanka, dutsen guga, ko sun lalace ko ba su lalace ba. A soja ma aikinsa ke nan, gyaran motoci da injuna. Lokacin da garuruwan arewacin jiha suka faɗi, mutane suka riƙa kwararowa Yola da ƙunshi a ka, shi yana can ta inda suke gudowa. Motarsu ce ta taka abin da aka binne a hanya. Aka dawo mana da shi da ƙarfe a cinya, da kunne ɗaya da ba ya ji, da wani rauni a ƙwauri da bai taɓa rufewa gaba ɗaya ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ni na riƙa wanke shi, don haka mai tambayar ko ƙafar da gaske ce ya zo ya tambaye ni.

Aka sallame shi, aka yanka masa abin da zai riƙa karɓa. Da shi ake sayen magani, da shi 'yan matansa biyu suke makaranta. Watannin farko ya yi su ne a kujerar roba a tsakar gida, bayansa a jikin bango, fuskarsa tana kallon ƙofa. Ya rame, ya daina tsokana. Ya ɗauki wata ɗabi'a ta amsa tambaya da tambaya. Ka ce masa yaya jiki, ya ce, "Wa ke tambaya?" Tun muna dariya har muka gane ba wasa yake yi ba.

Abin ya samo asali ne daga layin tantancewa, inda ake tara su lokaci-lokaci a tabbatar suna raye. A nan wani ya ce wani ya gaya masa an ga wani kofur yana tuƙa keke, aka ɗauke shi hoto da waya aka tura sama, wata na gaba bai ga alat ɗin shigar kuɗinsa ba. Ba wanda ya san sunan kofur ɗin, ba wanda ya san garin. Amma Bappa ya dawo da labarin gida ya ajiye shi kamar aya. Abin da yake yawan faɗa daga nan shi ne, "Gwamnati ba ta da ido, amma tana da maƙwabta."

Sai dai hannun da ya saba da sifana ba ya zama. Wata rana ya dogara sanda ya je sayen fulogin janareta a shagon Oga, ya tarar da shi yana gumi a kan wani injin ban-ruwa da ya ƙi tashi. Bappa ya juya kunnensa mai ji ya saurara, ya ce iska yake sha. Oga ya miƙa masa sifana. Bappa ya kalli hagu ya kalli dama, ya ce ba a nan ba.

A bayan shagon akwai wani ɗan lungu tsakanin langa-langa da katangar maƙwabci, da ƙyar mutum biyu za su zauna. Nan ya zama ofishin Bappa. Ya kan fito da sassafe ya ce zai je kemis, ya hau keke, kuma ba ya hawa na mutum ɗaya kwana biyu a jere. Ya sauka nesa, ya sayi ƙwayar ciwon kai don a gan shi da leda, sannan ya bi ta baya ya shige. Manoman rani daga Vinikilang da bakin kogi su kawo injinsu su ba Oga, Oga ya tura ta wata kafa a ƙasan langa-langar, zuwa la'asar inji ya fito yana ruri. Da aka matsa wa Oga da tambayar wa ke ciki, sai ya ce wani injiniya ne ya ɗauko daga Anaca, ba ya jin Hausa, ba ya kuma son mutane. Haka sunan injiniyan Anaca ya zaga har Yolde Pate.

Ni a jikin bandeji na gano. Na zo wanke masa ƙafa na ga baƙin mai a gefen ƙullin, ga warin fetur da turaren da ya fesa bai iya dannewa ba.

Na ce, "Bappa, ƙafar taka ta fara shan mai ne?"

Bai yi dariya ba. Ya ce wa Inna ta rufe ƙofa, ta ɗauko Alƙur'ani. Sai da na dafa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, har da mahaifina, sannan ya ba ni labari.

Na ce, "To me zai hana a tambaya? A je ofishin a ce, wanda yake karɓa in ya samu ɗan abin yi, laifi ne?"

Ya dube ni kamar na haukace. "Dada, ke da karatunki. Wanda ya je ya yi wannan tambayar, ai ya gama gaya musu."

"A tura wani ya tambaya, ba da sunanka ba."

"Shi wanin ba za a ce masa wa ya aiko ka ba?"

Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi fushi na kwana biyu ban zo ba. A banza. Ya ɗaure ni da rantsuwa, ya ɗaure Inna da tsoro, shi kuma tsoron ya ɗaure shi. Haushinsa na ji sosai, kuma har yanzu in na tuna ina ji.

Amma sau ɗaya na bi shi lungun nan, kuma abin da na gani ya sa na rage faɗa. Yana zaune a wani ɗan benci, ƙafar a miƙe a kan bulo, kayan aiki a jere a kan buhu daga babba zuwa ƙarami kamar za a zo duba fareti. Gumi ya jiƙa singiletinsa. Yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, yana yi wa kafireta magana kamar yaro mai ƙiwa. Ya ɗago ya ce, "Dada, zo ki ga abin da suke yi wa inji, ba sa jin tsoron Allah." Tun da aka dawo da shi ban ga wannan fuskar ba. A nan ne kaɗai nake da Bappana na da.

Kafin ya fito sai ya wanke hannu da kananzir, ya bi da omo da yashi, ya dawo gida Inna ta zauna da tsinke tana ƙwaƙule masa ƙarƙashin farce. Ba ya ba kowa hannu sai ya duba nasa. Har 'yan majalisar gindin darbejiya suka riƙa tsokanarsa wai hannun Saje ya fi na amarya laushi. Wata yamma ɗaya daga cikinsu, mai gona a bakin kogi, ya zauna yana zuba yabon injiniyan Anaca. Ya ce inji uku ya kai masa, duk suka dawo kamar sababbi. Sai ya juyo ya ce, "Saje, ka ga masu neman na kansu. Ba irin masu jiran ƙarshen wata ba."

Bappa ya ce, "Ya iya aiki kuwa?"

"Ya iya? Wallahi duk Jimeta ba kamarsa."

Bappa ya shigo gida yana dariya har yana riƙe bango, ya maimaita mana. Muka taya shi. Can sai dariyar ta yanke, ya tura kwanon tuwo gefe ya ce ya ƙoshi. Ranar na tausaya masa fiye da ranar da aka sauke shi daga motar asibiti.

Sau ɗaya tak ya karya dokarsa. Wata dattijuwa ce ta zo shagon, cikin waɗanda suka gudo, tana noman albasa a wani ɗan fili da aka ara mata a Vinikilang, tana ciyar da jikoki. Injinta ya mutu a gona, ba ta da halin ɗauko shi, albasar kuma ta fara kwanciya. Oga ya ce mata injiniya ba ya fita. Ta tsaya tana roƙo da Hausarta mai karyewa, tana haɗawa da yarensu. Bappa yana ji ta bayan langa-langa. Ya gane yaren, na mutanen wajen da motarsu ta tashi ne, waɗanda suka ɗauke shi a kan ƙyauren ƙofa suka kai shi bakin titi. Ya ƙwanƙwasa langa-langar ya ce wa Oga ya nemo keke mai labule.

Ya naɗa rawani har hanci, suka haye gada. Ku dubi wannan abu, mutumin Anaca da rawanin Buzaye. Ya zauna a ƙasa cikin taɓo ya miƙe ƙafa, bai ce uffan ba, Oga ne mai magana. Da ruwa ya feso matar ta durƙusa tana sa albarka, tana neman abin da za ta bayar. Bappa ya girgiza kai, Oga ya fassara cewa injiniya ya ce a bar shi. Ƙafar ta kumbura kwana da kwanaki bayan nan, ni na sha fama da ita. Amma ba kumburin ne ya hana shi barci ba. Ya ce akwai wani mutum a gonar da ke maƙwabtaka da ya tsaya a kan kunya yana kallon sa tun daga farko har ƙarshe, kuma da za su tafi ya ga ya tsayar da mai keken yana yi masa tambaya.

Ba a yi sati biyu ba, ranar Juma'a bayan an sauko, aka yi sallama a ƙofar gida. Baba ne da wani baƙo. Bappa ya shige ɗaki ya ce wa Inna ta ce ya yi tafiya. Ta leƙa ta faɗa. Baƙon ya ce ba komai, zai dawo, ya tafi. Bappa ya tsare ta da tambaya. Ta ce dogo ne, da farin kaftani a goge, tsayuwarsa a miƙe, kuma hannunsa ɗaya bai fito daga aljihu ba har ya bar wurin.

Bappa ya ce, "Waya ce. Ɗaukar magana yake yi."

Da yamma Baba ya dawo shi kaɗai. Shi ma'aikacin sakatariya ne a lokacin, mutum mai sanyi, bai iya ɗaga murya ba. Hamma yake kiran Bappa, wato yaya. Ina nan aka yi.

Ya ce, "Hamma, ashe kana nan. Baƙo na kawo maka ɗazu."

"Na san ka kawo shi. Har ƙofata."

"A masallaci ya tsaya yana tambayar gidan wani tsohon soja mai ɗingishi. Na ce ai yayana ne."

"Sai me kuma ka ce masa?"

"Me zan ce masa?"

"Kai ka sani. Ku mutanen ofis cikinku ba ya riƙe ruwa."

Bappa yana so ya zarge shi, amma ba zai iya faɗin laifin ba sai ya tona kansa. Haka suka tsaya, faɗa ba abin faɗa. Daga ƙarshe Bappa ya ce, "Hanyar masallaci ba sai ta ƙofar gidana ba." Baba ya sa takalminsa ya ce, "To, Hamma." Ya fita.

Bappa ya zauna a gida yana jiran ƙarshen wata kamar mai jiran hukunci. Alat ya shigo. Na ce to ka gani. Ya ce shaida suke tarawa. Wani watan ma ya shigo, ya ce ai irin wannan bincike ba a gaggawa. Ya koma lungunsa da ƙarin taka-tsantsan, amma bai koma wa ƙaninsa ba. In sun haɗu a sahu su gaisa kamar baƙi. Abincin salla daga gidanmu sai ya dawo a rufe yadda aka kai shi. Na roƙe shi har da hawaye ya bar ni in yi wa Baba bayani, ya ce in na gaji da rantsuwata in faɗa masa. Baba kuwa bai taɓa tambayata ba, ko sau ɗaya. Na ɗauka haƙuri ne irin nasa, da rashin sanin inda zai kama.

Zaman benci cikin zafin langa-langa shi ya ci ƙafar a hankali. Likita ya tambaye shi ko yana wani aiki da ke takura ta, ya ce daga ɗaki sai masallaci. Ina tsaye a wurin na cije leɓe. Da ciwon ya kwantar da shi, Baba ya riƙa zuwa kullum ya zauna a dakalin waje, ba ya sallama, ba ya aike. Ana gobe zai rasu Bappa ya buɗe ido ya ce, "Dada, yana nan?"

Na ce yana nan.

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai, Bappa."

Na ce a raina yau za a ce ya shigo. Sai ya ce, "A kai masa ruwa mai sanyi." Iyakar abin da na samu ke nan, na kai.

Ranar sadakar uku, bayan modibbo, malamin unguwa, ya shafa addu'a, mutane ba su watse ba, sai ga wani dogo da farin kaftani ya yi sallama. Inna ta hango shi ta labule. Ta ce shi ne, sun biyo hakkin marayu. Mutumin ya zauna ya yi gaisuwa, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce shi shaida ne, wannan bawan Allah ya ceci gonar wata tsohuwa a Vinikilang da hannunsa, bai karɓi ko albasa ɗaya ba.

Ban san lokacin da na ja mayafi na tsaya a bakin ƙofar maza ba. Na ce, "Malam, wa ya aiko ka?"

Ya dube ni da mamaki, ya kira ni Adda, yadda ake ce wa yaya mace a nan. "Adda, ba wanda ya aiko ni."

"To fito da abin da ke aljihunka."

Ya fito da shi. Hannun ya ƙare ne a wuyan hannu, fatar a tattare. Ya ce shi ma can ya baro sauran. Ya ce ranar nan a gona, da ya ga yadda mai rawanin ya jera kayan aikinsa, da yadda yake jan ƙafa, ya san nasu ne. Su kaɗan ne a wajen, waɗanda aka sallama da rauni, sun haɗu suna noman rani, injuna suna ba su wahala. Wancan karon ya zo ne ya roƙe shi ya zama makanikensu, a buɗe masa rumfa a bakin hanya. Da aka ce ya yi tafiya, aka sake cewa ya yi tafiya, sai ya gane ba a son ganin sa.

Na ce, "Kai kana karɓar kuɗin?"

"Ina karɓa."

"Kuma kana noma a fili?"

"Adda, da taɓo a ƙafata nake zuwa tantancewa. Ba wanda ya taɓa ce mini kanzil. Labarin kofur mai keke ni ma na ji shi a layi. Har yau ban ga wanda ya san shi ba."

Ni dai ban san abin da dokarsu ta ce ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na sani ba. Sai kawai na zauna a bakin ƙofar. Oga ya fashe da kuka ya ce, "Shi ne injiniya! Babu wani Anaca. Shi ne, tun farko shi ne!" Mai gonar bakin kogi, wanda ya yi gorin ƙarshen wata, ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Ban ji daɗin ganin sa haka ba, ko da yake na yi shekaru ina jiran ranar.

Da aka watse na sami Baba shi kaɗai a zaure yana naɗe tabarma. Rantsuwata ta faɗi, na durƙusa zan fara yi masa bayani daga farko. Ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ka san me, Baba?"

"Tun watan da ya fara. Na kai janaretana shagon, ina tsaye na ji gyaran murya a bayan langa-langa. Irin ta mahaifinmu ce. Wa zai gaya mini gyaran muryar Hamma?"

Ya ci gaba da naɗe tabarmar yana magana, bai kalle ni ba. Ya ce shi ma ya yarda da labarin kofur ɗin, shi ya sa ko mahaifiyata bai gaya wa ba. Baƙon nan kuwa ya ce masa shi soja ne, ya ɗauka abokin aiki ya kawo masa. Bayan an kore shi daga gidan, in kewar yayansa ta dame shi, sai ya sassauta fulogin janareta ya ɗauka ya kai shagon ya ce ya ƙi tashi, don dai ya tsaya a wurin ya ji motsinsa.

"Ya san janaretana ne," in ji shi. "Bai taɓa dawo mini da shi da datti ba. Har igiyar ja ya kan canza."

Na ce, "Baba, ka san abin da yake zarginka da shi, ka yi shiru duk shekarun nan? Kalma ɗaya fa. Ka ce masa Hamma na sani, kuma ban faɗa wa kowa ba."

Ya jingina tabarmar a bango, sannan ya juyo. Idonsa ya yi ja.

"In na ce masa na sani, zai ce magana ta fita. Washegari ba zai koma shagon ba. Ke kin ga yadda kujerar nan ta yi masa da farko." Ya goge fuska da bakin riga. "Sai na ce gara ya ƙi ni yana aiki."

Ya Allah, ga Bappa nan ya zo maKa da ƙafarsa da zarginsa da aikin hannunsa. Ka yafe masa, Ka karɓi wahalarsa, Ka sanar da shi abin da mu ba mu samu damar sanar da shi ba. Baba kuma Ka ba shi haƙurin da ya rage, don wanda yake da shi ya kashe shi a kan yayansa.